LinkedIn a idon mai ɗaukar ma'aikata

Aikina shi ne tace takardun masu neman aiki a wani kamfanin jigilar kaya, don haka kusan kullum LinkedIn, shafin intanet da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗauka, a buɗe yake a kwamfutata. Daga kujerar mai ɗauka nake magana.

Shafin ya fara aiki a 2003, Reid Hoffman na cikin waɗanda suka kafa shi, sai Microsoft ta saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2. A 2023 kamfanin ya sanar cewa masu rajista sun kai biliyan 1. Da jama'a masu yawa haka, dole mai ɗauka ya dogara da bincike, kuma a nan ne shafin ya fi burge ni. Idan muna neman mai kula da ɗakin ajiya wanda ya iya Excel, ba na zaman jiran takardu. Sunan aikin da ƙwarewar da muke so nake rubutawa, sunaye su jero. Wanda ya rubuta "mai neman dama" kawai a ƙarƙashin sunansa da wuya ya fito, komai iyawarsa. Wanda ya faɗi ainihin abin da yake yi, da manhajojin da ya iya, da inda ya yi aiki a baya, shi nake gani. Sau da yawa mutumin da muka ɗauka bai ma taɓa ganin tallarmu ba, mu muka neme shi.

Maɓallin Easy Apply kuwa ban ba shi maki mai yawa ba. Da ɗan dannawa kaɗan CV ta tafi, kuma saboda sauƙin, kowa turawa yake yi, har wanda bai karanta tallar ba. Takardu kan taru tuli, babu mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya, sai a fara rage su da tambayoyin tantancewa. Ba laifi ka yi amfani da shi, amma ka nemo wanda ya sa tallar, ka aika masa saƙo na layi biyu ko uku: ga aikin da na nema, ga abin da na taɓa yi mai kama da shi. Irin wannan saƙon nakan karanta. Na "Don Allah a taimaka mini da kowane irin aiki" kuwa, ban san inda zan ajiye shi ba.

Koren zoben Open to Work da ke kewaye hoto, alamar cewa mutum na neman aiki, ya zo a 2020, lokacin korona. Wasu abokan aikina suna raina shi, ni ban ga abin kunya a neman aiki ba. Sai dai mai aiki a hannu gara ya zaɓi a nuna wa masu ɗauka kaɗai, kuma ya sani cewa LinkedIn da kansa bai yi alkawarin ɓoye shi gaba ɗaya daga kamfanin da mutum yake wa aiki ba.

Premium na kuɗi ne. Yana nuna maka waɗanda suka leƙa shafinka, ya ba ka damar tura saƙon InMail ga wanda ba ku ƙulla alaƙa a shafin ba, ga kuma darussan LinkedIn Learning, waɗanda asalinsu na Lynda.com ne da aka saya a 2015. Darussan suna da kyau. Amma a wajena biyan kuɗi ba ya ɗaga takardar kowa sama, kuma sabon mai digiri zai iya yin komai da na kyauta. Wanda ya shiga gwajin kyauta ya lura da ranar ƙarewarsa, domin idan bai soke ba za a fara cire masa kuɗi.

Shafin farko cike yake da yabon kai, nakan wuce shi da sauri. Akwai kuma 'yan damfara da ke shigowa da tallar aikin bogi, kamar a kowane shafin neman aiki. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo kafin a ɗauke ka, kai ƙararsa ta maɓallin da ke jikin tallar, ka toshe shi.