Kofi: sanda ɗaya ko sanduna uku?

Malam, ka ce kofi irin Arabika da ka dasa kusa da Gembu, a tsaunin Mambila, ya kai gwiwa, kana so ka san ko a bar kowace bishiya da sanda ɗaya ko a sa ta fito da biyu zuwa uku.

Halin bishiyar ne ya kawo zancen. 'Ya'yan kofi a kan reshen da ya tsiro bara suke fitowa, kuma gaɓar da ta haihu sau ɗaya da wuya ta maimaita. Kowace shekara amfanin yana gudu zuwa bakin reshe da ƙolin bishiya, ƙasa tana zama fanko. Duk dabarun biyu neman sabon tofo suke yi.

Mai sanda ɗaya, ana datse mata kai idan ta kai kamar mita ɗaya da rabi, sai ƙarfinta ya koma rassan gefe, su ma su fitar da ƙanana. Tsinka da sauƙi, feshi da sauƙi, kuma babu shekarar da za ka zauna hannu rabbana. Haka ake yi a yawancin gonakin Indiya da ke ƙarƙashin inuwa. Amma tana cin hannu: kullum kana cire tofon da ke leƙowa jikin sandar, kana buɗe ciki don iska ta ratsa. Ga kuma tarko: babban reshen gefe in ya mutu ko ka sare shi bisa kuskure, wani ba ya fitowa a gurbinsa. Lebura ɗaya mai gaggawa ya isa ya lalata maka aikin shekaru.

Mai sanduna da yawa tana yafe kuskure. Ko dai ka datse kan shukar yanzu da take a gwiwa ta ba ka tofo biyu, ko ka tanƙwara ta ka ɗaure a turke, yadda manoman wani irin kofi da ake kira Robusta ke yi a Uganda, tofo ya taso a bayanta ka zaɓi uku masu lafiya da tazara, ka fizge sauran. Daga nan ka bar su su miƙe, kana cire rassan ƙasa da suka gama aiki. Kenya a kan wannan tsari take.

Inda take ciwo shi ne bayan shekara 5 zuwa 7, sandunan sun yi tsawo, amfani ya ja baya. Dole a sa zarto a sare su kamar santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, a bar guda ɗaya tana ciyar da kututturen har sabon tofo ya kama. Shekara ɗaya ko biyu bishiyar ba za ta ba ka abin kirki ba. Manoman yankin Kona a tsibirin Hawai na Amurka sun rage wannan zafin: layi-layi suke sarewa, bana wannan, baɗi na kusa da shi.

Ni dai, in kai da yaranka ne a gonar, sanduna biyu ko uku zan ce. Kada ka wuce haka, musamman in tazarar shukarka ba ta da yawa. Cunkoso na jawo cutar tsatsar ganye. Saran kuma bayan girbi ake yi, a karkace, don ruwan Mambila kada ya kwanta a kan yankan ya ruɓar da kututturen.