The Rock ko Batista: wa ya fi iya fim bayan barin resilin?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin The Rock da Batista wa ya fi cin ribar komawa fim, har ka ce a wurinka ma ba a haɗa su, tunda The Rock ya fi kuɗi ya fi suna. A kan kuɗi da suna ban ja da kai ba. Amma in ana maganar iya wasan kwaikwayo ne, wato mutum ya shiga rigar wani har ka manta da shi, ni Batista nake ba. Sai an bi inda kowa ya fito kafin a gane dalilina.

Dwayne Johnson, wato The Rock, ɗan gado ne. An haife shi a 1972 a Kalifoniya. Mahaifinsa Rocky Johnson ɗan resilin ne baƙar fata daga Kanada, kakansa na wajen uwa kuma, Peter Maivia, ɗan resilin ne daga tsibiran Samowa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai shi da farko ƙwallon Amurka ya sa a gaba. Yana cikin ƙungiyar Jami'ar Miami da ta ci kofin ƙasa a 1991, ya tafi Kanada neman sa'a a ƙungiyar Calgary, aka sallame shi a 1995. Shi da bakinsa ya ce dala 7 ce ta rage masa a aljihu ranar da ya koma gidan iyayensa, shi ya sa ya raɗa wa kamfaninsa na fim suna Seven Bucks.

Da ya shiga kamfanin resilin na WWF (wanda daga baya ya koma WWE) a Nuwambar 1996, an fito da shi a matsayin yaron kirki mai yawan murmushi, mai suna Rocky Maivia. 'Yan kallo suka ƙi shi ƙiri-ƙiri, suna yi masa ihu. Sai da ya juya ya zama mai girman kai a 1997, yana ɗaga gira ɗaya, yana ambaton kansa kamar wani yake nufi, sannan tauraruwarsa ta haska. Mu da muka kalli karawarsa da Stone Cold Steve Austin a kaset a gidan kallo mun san abin da ya ɗaga shi. Ba ƙarfi ba ne kawai, akwai waɗanda suka fi shi girma. Baki ne. In ya karɓi makirfo, ko wanda ba ya jin Turanci sai ya nutsu, don ya iya juya taron dubban mutane da murya da fuska. Yana da shekara 26 ya ɗauki babban kambun kamfanin, a 1998.

Dave Bautista, wato Batista, kuwa babu wanda ya share masa hanya. An haife shi a 1969, ya tashi cikin talauci a Washinton, mahaifinsa asalin Filifin, mahaifiyarsa asalin Girka. Shekaru ya yi yana gadin ƙofa a gidajen rawa. Da ya je gwaji a makarantar wani kamfanin resilin mai suna WCW, ce masa aka yi ba zai kai ko'ina ba. Ya tafi wurin Afa Anoa'i ya koyi sana'ar, kuma wannan Afa ɗin daga gidan da ke da zumunci da kakan The Rock ya fito. WWF ta ɗauke shi a 2000, bai fara fitowa a talabijin ba sai 2002, yana da shekara 33, yana bin wani ɗan resilin mai shigar fasto yana riƙe masa akwatin baiko. Ka lura, a shekarar ne The Rock ya fito a matsayin jarumin fim. Daga baya Batista ya shiga ƙungiyar Evolution tare da Triple H da Ric Flair da Randy Orton, ya ci gasar Royal Rumble a 2005, ya kayar da Triple H a WrestleMania 21, wato babban taron resilin na shekara-shekara. Sau 6 ya riƙe kambun duniya, The Rock sau 10. A fili dai Batista ba mai magana ba ne. Ƙirji ne da girgiza igiya da ɗaga mutum a maka da ƙasa.

Da a lokacin aka tambaye ni wanda zai iya wasan kwaikwayo a cikinsu, ba zan tsaya tunani ba, mai bakin zan nuna. Abin da ya faru kuwa akasin haka ne. Hollywood ta sayi jikin The Rock da murmushinsa, ta bar bakin nan mai kaifi a baya, shi kuma Batista shirunsa ne ya zame masa jari.

The Rock ta babbar ƙofa ya shiga. Ya ɗan fito a The Mummy Returns a 2001, shekara na zagayowa aka ba shi The Scorpion King aka biya shi dala miliyan 5.5, kuɗin da ba a taɓa ba wanda ya fara jan fim ba. Ya ɗan yi tangal-tangal lokacin da ya rage jiki ya koma finafinan yara irin su Tooth Fairy a 2010, sannan Fast Five ya dawo da shi a 2011, a matsayin Luke Hobbs. Daga nan sai hawa: San Andreas a 2015, Jumanji na 2017 da ya tara sama da dala miliyan 900. Mujallar Forbes ta sa shi a matsayin ɗan wasan da ya fi kowa samun kuɗi a 2016 da 2019 da 2020. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya taɓa rasa kuɗin mota.

Damuwata da shi ita ce mutum ɗaya yake fitowa a kusan kowane fim. Ƙaƙƙarfa ne, mai kirki, mai barkwanci, mai son iyali, kuma ba a cin galabarsa. Jaridar Wall Street Journal ta taɓa ruwaitowa a 2019 cewa manyan jaruman jerin finafinan Fast & Furious, wanda Fast Five ke ciki, har da shi, suna sa ido a kan yadda ake shirya faɗa don kada a nuna an fi ƙarfinsu. To in ka san akta ba zai taɓa faɗuwa ba, me zai sa gabanka ya faɗi? Black Adam na 2022, wanda ya daɗe yana tallatawa, bai kai dala miliyan 400 ba, ba a kuma yi na biyu ba. Ina ganin mutane sun fara ƙoshi da tuwo ɗaya miya ɗaya.

Batista ya bar WWE a 2010 yana tsakiyar tashe, ya sha wuya sosai. Ya ce kuɗinsa sun ƙare har ya rasa gidansa. Ya nemi malami ya zauna koyon wasan kwaikwayo kamar sabon ɗalibi, har dambe na gaske ya taɓa shiga sau ɗaya a 2012, ya kuma ci. Sai a 2014, yana da shekara 45, darakta James Gunn ya ba shi matsayin Drax a Guardians of the Galaxy. Da wani ne, da nan ya kafa bukka, ya ci gaba da fitowa a ƙato mai ban dariya har tsufa. Shi kuwa ya shiga bin manyan daraktoci yana karɓar ƙananan matsayi. A Spectre na 2015, kalma ɗaya tak ya furta a duk fim ɗin.

Wanda ya sauya mini ra'ayi a kansa shi ne Blade Runner 2049, na Denis Villeneuve, a 2017. 'Yan mintoci ne kawai a farkon fim. Ya fito a manomi mai zaman kaɗaici, sanye da ɗan ƙaramin tabarau, tukunyarsa na tafasa a kan wuta, ya shigo ɗaki ya tarar da wanda aka aiko ya kashe shi yana zaune yana jira. Dubi yadda yake wanke hannu, yadda yake magana ƙasa-ƙasa, yadda gajiya da tsoro suke zaune a idonsa. Ƙato ne da ya cika ƙofa, amma tausayinsa za ka ji. Babu ɓurɓushin Batistan resilin a wurin. Haka a Knock at the Cabin na 2023, inda ya fito a malamin firamare, ya durƙusa yana taya ƙaramar yarinya kamun fara cikin taushin murya, alhali mugun labari ya zo wa iyalinta da shi. A Dune na biyu kuma ya yarda aka wulaƙanta shi, ƙaninsa a fim ɗin ya sa shi sumbatar takalminsa a gaban sojoji. Mutumin da ya riƙe kambun duniya sau 6 ke nan. Ya sha faɗa a hirarraki cewa shi ba ya neman zama The Rock na biyu, so yake a girmama shi a matsayin ɗan wasan kwaikwayo.

Na san wani zai ce ina John Cena. Nasa daban ne, ban dariya ya fi karɓarsa, mu bar shi zuwa wata rana.

Kada kuma in zalunci The Rock. Muryar Maui da ya yi a Moana a 2016 ta yi kyau ƙwarai, har waƙa ya rera, kuma labarin ya taɓa asalin mahaifiyarsa. Sannan a 2025 ya yi abin da na daɗe ina jira: The Smashing Machine, inda ya fito a Mark Kerr, ɗan damben da ya kamu da shan magungunan kashe zafin ciwo. An sauya masa fuska, ya yi kuka, an kayar da shi. Daraktan, Benny Safdie, ya samu kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Venice, amma fim ɗin bai yi kasuwa ba. Abin da ya ba ni takaici ke nan, don ya nuna ashe ya iya, shekara ashirin da wani abu ya bari suka wuce bai gwada ba.

Ko rabuwarsu da resilin ba iri ɗaya ba ce. Batista ya dawo ya yi wasansa na ƙarshe a WrestleMania 35 a 2019, Triple H ya kayar da shi, ya yi sallama bai sake komawa fili ba. The Rock kuwa ya shiga hukumar gudanarwar TKO, kamfanin da ya mallaki WWE, a Janairun 2024, ya kuma sake shiga fili a WrestleMania 40 tare da Roman Reigns.

Kafin ka ba ni amsa, ɗan'uwa, nemi mintoci goma na farkon Blade Runner 2049 ka kalla, ka bi shi da kowane ɓangare na San Andreas da ka ga dama, sannan mu ci gaba da muhawarar.