Agogon zamani ko na'urar damtse: wanne za a saya wa Baba?

Yaya, kin ce Baba yana Tawa yana fama da hawan jini, ƙanenku na Abijan kuma yana so ya aiko masa da agogon nan mai auna zuciya, shin ya fi na'urar da ake ɗaurawa a damtse? Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni dai ta damtse zan ce a saya, don aikinsu ba ɗaya ba ne.

Agogo bugu yake ƙirgawa. Ki juya bayansa, za ki ga koren haske yana ƙiftawa, da shi yake gane gudun jini a ƙarƙashin fata. Masu tsada, irin Apple Watch tun daga Series 4 na 2018, suna ɗaukar ECG, wato zanen bugun zuciya, in an ɗora yatsa a maɓallin gefe na daƙiƙa 30. Yana taimakon wanda zuciyarsa ke bugawa ba bisa tsari ba. Amma layi 1 yake zanawa, na asibiti 12 ne, kuma ba ya gane toshewar jijiyar zuciya. In ƙirji ya riƙe, ga zufa, asibiti za a nufa kai tsaye.

Tansiyo kuwa, wato ƙarfin matsin jini, sai an matse jijiya ake samun sahihin awonsa. Ko Galaxy Watch na Samsung, sai an daidaita shi da na'urar damtse duk mako 4. Na arahar da ke kasuwa su ne ke tayar mini da hankali. Na taɓa sayen ɗaya nan Yamai, na ɗaura wa ƙafar kujera, ya rubuto 12/8, wato 120/80, awon mai lafiya. Dattijo ya ga irin wannan lamba, ai sai ya ajiye magani.

Ta damtse, kamar Omron, batir kawai take ci. Ba ruwanta da waya, ba ruwanta da caji ranar da aka ɗauke wuta. Baba ya zauna ya jingina minti 5, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ya auna da safe kafin magani da shayi, ya sake da dare, a rubuta a littafi don likita. A gida, 135/85 ko sama da haka hawa ne.

Kafin a saya, ku auna kaurin damtsensa da tef ɗin tela. Maɗaurin da ya yi wa hannu kaɗan yana ƙara lamba.