Wata Guda Ina Juya Faifan Trout Mask Replica

Na sayi sabon bugun faifan garmaho na Trout Mask Replica, na mawaƙi Captain Beefheart da ƙungiyarsa ta Magic Band, wanda ya fara fitowa a Amurka a shekarar 1969, kuma sai da na yi wata guda ina juya shi kafin na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a kansa. A sauraron farko ban kai waƙa ta huɗu ba na ɗage allurar, domin abin da ya shiga kunnena ya yi kama da makaɗan da aka tara a ɗaki ɗaya, kowa yana kiɗan gabansa.

Ra'ayina ya sauya ne a daren da na sa abin sauraro a kunne, na ƙudurta cewa jita mai kaurin amo kaɗai zan bi. A nan na gane cewa jitocin biyu da ganga kowanne yana tafiya da nasa taku, sukan rabu har mutum ya ɗauka sun ɓata, sannan su haɗu a bugu ɗaya ba tare da kuskure ba, abin da ba zai taɓa yiwuwa bisa katari ba. Tarihin aikin ma ya tabbatar da haka. Don Van Vliet, wato sunan Beefheart na ainihi, ya tsara yawancin kiɗan a kan fiyano duk da bai koyi kaɗa ta ba, makaɗin ganga John French ya riƙa rubutawa yana raba wa kowa nasa kashin, kuma sun shafe kusan wata 8 suna atisaye a wani gida da ke Los Angeles. Saboda wannan horon ne, da Frank Zappa, mawaƙin da ya jagoranci naɗar faifan, ya shigar da su situdiyo, suka naɗe mafi yawan kiɗan cikin 'yan sa'o'i.

Muryar Beefheart, mai kaushi da gurnani irin na mawaƙin Amurka Howlin' Wolf, ita ce ta fi daɗewa kafin ta kwanta mini, musamman da yake ya rera waƙoƙin ba tare da yana jin kiɗan sosai ba, shi ya sa takan riga kiɗan ko ta biyo bayansa. Yanzu kuwa wannan saɓanin yana cikin abubuwan da na fi so.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsawo. Waƙoƙi 28 cikin kusan minti 80 sun yi wa kunne nauyi a zama ɗaya, kuma wasu gutattakin hirar da aka saka a tsakani ba su ƙara mini komai ba. Amma da yake faifai biyu ne masu fuska huɗu, na koma sauraron fuska ɗaya a kowane dare, kuma har yanzu ta farkon nan da na kasa ƙarasawa ita na fi yawan komawa gare ta.