Tuwon Inna na Samaru, ranar da aka yaye autarmu

Muna idar da sallar asuba muka baro Kano, mota biyu, mu 11 har da Umma da jikokinta uku, za mu bikin yaye autarmu a Jami'ar Ahmadu Bello. Ni ne ɗan jagora, tunda a Samaru na karanta aikin gona, na gama a 2009. Tun daga Kwanar Dangora nake cika baki cewa abincin rana a wuyana yake. Uwargida ta so mu taho da girki daga gida, na ce ba a zuwa Samaru da guzuri.

Bikin kansa ba sai na ja ba. Filin Mamman Kontagora ya cika ya batse, ga ƙurar hunturu, ga masu hoto suna jan hannun rigar mutum. Yarinyar da ta shiga karatun haɗa magunguna na shekara 5, korona da yajin aikin malamai na wata 8 a 2022 suka ƙara mata kusan biyu, ranar sai ga ta cikin alkyabbar digiri, Umma na share hawaye da gefen mayafi. Ƙarfe biyu saura muka fito, yunwa ta ci kowa.

Wurin da na kai su rumfar tuwo ce a wani lungu, idan ka fito daga jami'a ka tsallaka titin Sakkwato ka nutsa cikin gari. Ba ta da allon suna. “Wajen Inna” muke cewa, kuma Innonin da ke tuƙa tuwo a Samaru sun fi a ƙirga. Lokacin ina ɗakin kwanan ɗalibai na Danfodiyo, duk ranar da na gaji da garau-garau nan nake takowa, malmala biyu da miyar kuka, a kan bencin da ƙafarsa guda bulo ne. Yanzu an ja gini, an rufa kwano, an sa fanka da kujerun roba, har da famfon wanke hannu a bakin ƙofa maimakon butar nan mai yoyo. Babbar 'yarta ce ke riƙe da ciniki. Inna tana gefe a kan tabarma, carbi a hannu, amma idonta na kan tukunya.

Tuwon shinkafar bai sauya ba ko kaɗan. Shinkafar gida ce, an tuƙa ta ta yi laushi ba ta yi ruwa ba, ka gutsura ba ta bin yatsa. Miyar kukar ita ce dalilin zuwana. Kore shar take, ba ta yi baƙin nan na kukar da ta kwana a wuta ba, daddawa ta ji, ga ƙamshin busasshen kifi yana tasowa daga ƙasa. Man shanun a gabanka ake soya shi da albasa, a kwararo a kan malmala yana ƙara. Umma, wadda ban taɓa jin ta yabi girkin kasuwa ba, ta kai loma ta yi shiru, can ta ce, “Wannan daddawar ba ta kanti ba ce.” A bakinta wannan lambar yabo ce. Gandar ta dahu luguf. Naman sa kuwa ya ɗan yi tauri, da alama ganin jama'a ya sa aka sauke shi da wuri, ƙanena sai da ya haɗa da hannu biyu.

Sai dai fa mun sha zama. Kusan minti 50 kafin faranti na farko ya iso, yaran sun gaji da kuka har sun koma wasa da murfin kwalba. Miyar taushe, wadda amaryar bikin ta kwana tana ambato, ta ƙare tun kafin azahar. Yara biyu ne kacal ke kai abinci ga mutum sama da 40, kuma wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara sallama. Ba a ware wa mata da tsofaffi wuri ba, sai da wani ɗalibi, Allah ya yi masa albarka, ya tashi ya ba Umma kujera ya ƙarasa cin nasa a tsaye. Banɗaki babu, sai maƙwabta. Na san ranar biki ce, amma ai ba a ɓoye ranar ba, ko mai sayar da ruwan leda a Kwangila ya san da ita. Ƙarin tukunya guda da yara biyu da sun wadatar.

Da muka gama na je na durƙusa. “Sannunku da aiki, Inna. Kin gane ni kuwa?” Ta ƙura min ido. “Kai ne dogon nan na gona, mai cewa a ƙara miya ba a ƙara kuɗi?” Gaban matata da 'ya'yana! Ta sa aka ɗauko mata wani tsohon littafi da bangonsa ya cinye, ta ce bari ta duba ko da saura. Gabana ya faɗi, don ni kaina ban tabbata ba. Ta tuntsire da dariya ta rufe, ta ce na 'yan bana ne, namu ɓera ya daɗe da yafewa. Ta kira autarmu ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta hana a karɓi kuɗin zoɓon yara.

Kuɗin bai kai rabin abin da za mu kashe a gidajen abincin Sabon Gari ba, amma biyansa ya zame mana aiki. Layin waya ya cushe saboda taro, tiransifa ta ƙi tafiya, na'urar cirar kuɗin ma haka. Sai da muka bi aljihun kowa, Umma ta kwance bakin zani ta cika. Wanda zai je ranar biki ya riƙe tsabar kuɗi, ya kuma tura yaro tun hantsi ya kama masa taushe.

Muna shirin shiga mota uwargida ta buɗe but ta fito da kula biyu, wankakku, babu komai a ciki. Ashe ta taho da su ban sani ba. Ta miƙa wa ƙanena ta ce ya koma a zubo malmala 10, miyar daban, man shanun a ƙulla a leda.