Shekara ɗaya da rabi da injin kwance noti na Makita DTW300 a garejina

Ni bakanike ne a Gombe, garejina yana kan hanyar Dukku, kuma yawancin aikina na ƙasan mota ne: birki, boris, shokozoba, shaf, duk abin da sai an cire taya ake kaiwa gare shi. Shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan sana'a, kusan dukkansu da wil-sifana da bututun ƙarfe na yi su. Wanda ya taɓa hawa kan bututu yana tsalle cikin ranar Afrilu don noti ɗaya ya motsa, ba sai na yi masa bayani ba. Kafaɗata ta dama ce ta fara gajiya kafin ni, ita ce ta sa na tara kuɗi na aiki ƙanina ya sayo mini wannan inji daga Kano, da batir biyu da caja. Abokan sana'a sun dame ni da tambaya ko su ma su saya, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani sau ɗaya kowa ya karanta.

Da farko a bambance abu biyu, don na ga wanda ya yi asarar kuɗinsa a nan. Akwai ƙaramin da kafintoci da masu rufin kwano da masu haɗa sola suke riƙewa, bakinsa rami ne mai kusurwa shida, aikinsa ɗaura sukuru. Akwai kuma irin nawa, bakinsa dunƙulen ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, rabin inci, wanda ake saka wa soket. A ido kamar 'yan uwa ɗaya suke, har ƙararsu ta yi kama, amma na kafinta ba zai yi maka aikin taya ba. Yaran garejina bindiga suke ce wa nawa, sunan kuma ya bi shi.

Aikinsa na kwancewa, gaskiya ban da abin cewa sai yabo. Kamfanin ya rubuta cewa yana ɗaurewa har nuton-mita 330 (nuton-mita shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), yana kuma iya ɓalle notin da ya kai 580. Ba ni da na'urar da zan gwada wannan, amma na san Corolla da Camry da Golf da Sharon ɗin da ke jigila tsakanin nan da Bauchi ba su taɓa tsayar da shi ba. Tayar da a da yaro zai yi minti goma yana fama da ita, yanzu kafin direba ya gama gaisawa da mu ta sauka. Dabarar tana cikin kansa: akwai 'yar guduma da ke bugun uwar maƙera sau dubbai a minti ɗaya, kuma wannan bugun ne ke karya tsatsa, ba murɗa zalla ba. Shi ya sa ba ya fizge wa mutum hannu kamar yadda injin huda ƙarfe yake yi idan bakinsa ya maƙale. Nauyinsa da batir bai kai kilo biyu ba, gajere ne, yana shiga bayan birki inda manya ba sa shiga, kuma fitilar gabansa ta taimake ni sau da yawa bayan magariba. Yana da matakan ƙarfi huɗu, da wani tsari da ke tsayar da shi da kansa idan noti ya saki, don kada ya fice ya faɗa cikin yashi. Wannan na ƙarshe na raina shi da farko, sai da na lura mun daina rarrafe muna neman noti.

To, amma abin da ya sa na zauna rubutu ba yabon ba ne. Saurin nan da yake burge kowa, shi ne ya kusa jawo mini abin da ba zan manta ba.

A watan farko, wani dattijo mai Corolla, wanda ya daɗe yana kawo mini mota, ya zo canjin birkin gaba. Muka gama, na ce wa babban yarona ya mayar da tayoyin. Ya ɗora soket, ya danna har inji ya daina juyawa yana bugu kawai, ni kuma ina gefe ina kallo ban hana ba, don a lokacin ni ma ina ganin ƙarin ɗauri ƙarin tsaro ne. Bayan kwana huɗu dattijon ya kira ni da dare daga wajen Kumo. Taya ta yi faci, yana tare da iyalinsa, ya taka wil-sifanarsa har ta lanƙwashe, noti ko gezau. Sai da na hau mashin na kai masa ɗauki. Da na kwance, sitod ɗaya, wato ƙarfen da noti ke hawa kansa, ya karye a hannuna, biyu kuma haƙoransu sun miƙe. Ya dube ni ya ce, "Malam, da a guje wannan ƙarfen ya karye fa?" Na ce, "Baba, laifina ne, ka yafe mini." Bai ƙara ko kalma ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Daga baya na duba littafin motar. Notin tayar Corolla nuton-mita 103 yake so. Injina yana iya ba shi ninki uku. Sitod ƙarfe ne mai ɗan miƙewa, idan aka ja shi ya wuce iyakarsa ba ya komawa, sai ya zauna da rauni yana jiran ramin da zai ƙarasa shi. Ɗauri marar daidai kuma yana iya karkatar da faifan birki, direba ya dawo yana cewa sitiyari na rawa idan ya taka.

Tun daga wannan dare na sa doka. Kowane noti da yatsa ake fara shi, a juya sau uku ko huɗu, a tabbatar ya hau haƙoransa daidai, domin inji ba ya jin noti ya karkace, cusa shi kawai zai yi ya cinye haƙoran. Sannan a sa inji a mataki na ɗaya, a matso da su kawai, ana tsallakawa daga wannan zuwa na gabansa ta ɗaya ɓangaren, ba a bi su layi ba. A sauke mota daga jak, a ɗauko sifanar awo, wadda ake saita mata adadi ta yi ƙas idan an kai, da ita ake gamawa. Na sayi wannan sifana a makon da abin ya faru, kuma shawarata ga duk mai shirin sayen bindiga ya lissafa kuɗinta a ciki tun farko. Ba ma shafa giris a sitod, don yana sa ɗauri ya zarce abin da sifanar ta nuna. Direba kuma ina ce masa ya dawo ko ya sa a duba masa bayan ya yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Abu na biyu soket ne. Waɗannan farare masu ƙyalli da muke da su a akwati tun zamanin oganmu, na hannu ne. Ƙarfensu yana da tauri amma ba ya jure bugu, idan ya gaji fashewa yake yi. Na inji baƙaƙe ne, masu kauri, an yi su da ƙarfen da ke shanye duka. Wata rana ƙaramin yarona ya rasa baƙar soket mai lamba 21, ya ɗauki fara, ban gani ba sai ƙarar da na ji. Ɓallin ya yanke shi a ƙasan ido, tazarar da ba ta kai faɗin yatsa ba. Ɗan mutane ne da aka kawo mini amana daga Bajoga, kuma da idon ya tafi ban san da bakin da zan yi wa mahaifinsa bayani ba. Yanzu fararen suna wani akwati daban, tabaran kariya kuma yana rataye a jikin akwatin injin, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Baƙar ma ana duba ta, idan ta tsage ko bakinta ya buɗe a jefar.

Sauran ƙa'idojin ba su da tsawo. Ba a riƙe soket da hannu yana juyawa, balle da tsumma ko safar hannu mai sako-sako. Kafin canja soket a mayar da makunnin gaba da baya tsakiya ya kulle, in aiki ne mai tsawo a zare batir gaba ɗaya. Mota ba ta zama a kan jak kaɗai, sai an tokare ta, don girgizar inji tana iya zame ta. Idan noti ya yi daƙiƙa biyar yana shan bugu bai motsa ba, a tsaya, a fesa masa man tsatsa, a ba shi lokaci. Kafin ma a zargi tsatsa, a duba kan sitod ɗin: wasu Kanta da manyan motocin Japan notin ɓangaren hagunsu baibai yake kwancewa, za ka ga harafin L a jiki, wanda bai sani ba ƙara ɗaurewa yake yi. Ƙara kuwa tana da yawa, ta wuce desibel 85 da masana suka ce daga nan kunne yake fara lalacewa. Ni ina toshe kunne ranar da aiki ya yi yawa. Yaran har yanzu sai na yi ta faɗa, suna ganin abin kunya ne a gaban abokansu, ni kuwa na san tsofaffin maƙera da sai an ɗaga murya suke ji.

Batir shi ne rabin kuɗin, kuma a nan zafin Gombe yake shigowa. Littafin injin ya ce a yi caji tsakanin digiri 10 da 40, kada kuma a ajiye shi inda zafi zai kai 50. Mu da inuwarmu ma takan kai 40 a Maris da Afrilu, sai ka auna cikin but ɗin mota ko kan bencin ƙarfe a rana. Don haka da sassafe nake caji ko bayan la'asar, a cikin shago, a kan siminti, nesa da galan ɗin fetur. Batirin da ya fito daga aiki da zafi ana barinsa ya huce tukuna. Mai amfiya biyar, wato awon yawan cajin da yake ɗauka, yana cika cikin kamar minti 45 a cajar gaggawa, kuma ɗaya yakan kai ni yamma a ranar da ba cunkoso. Wannan ya dace da mu, don ko wuta ta awa ɗaya aka kawo ta isa. Kada a jefa batir tsirara cikin akwatin notuna, ƙarfe ɗaya ya haɗa bakunansa wuta ce.

Na taɓa kwaɗayin araha na sayi batir na uku a wani shago, launinsa da rubutunsa kamar na asali. Bai yi wata biyu ba ya fara zafi a caja har robarsa ta kumbura. Na cire shi na ajiye a bokitin yashi a waje, ban sake saka shi ba, kuma ba a jefa irinsa a wuta ko a bola inda yara ke tono. Jabu yakan fi sauƙi a hannu, shi ne alamar da na gane daga baya. Maƙwabcina kuma ya sayi na hannu wanda aka kawo daga Amurka, ya soka cajar a bango ta yi hayaƙi nan take, don tasu ta wuta mai volt 120 ce, tamu kuwa 230. A karanta bayan caja kafin a biya. Wani abin da 'yan kasuwa ke ruɗa mutane da shi: wai batir mai volt 20 ya fi mai 18 ƙarfi. Ƙwayoyi biyar ne a jere a cikin kowanne, 20 ɗin awonsu ne lokacin da suka cika maƙil, 18 kuma awonsu a bakin aiki.

Kula da jikinsa ba wuya, sai dai ya saɓa da al'adarmu. Mu komai da fetur muke wankewa, shi kuwa fetur da tina suna cin robarsa, littafin ma ya hana. Busasshen tsumma ya wadatar. Lokacin hunturu ƙura takan toshe ramukan iskarsa, duk Juma'a kafin mu tashi masallaci ana hure su, a goge bakin batir. Ba shi da kabon, wato 'yan gawayin cikin inji da ke cinyewa ake canjawa, wannan ya rage mini aiki ɗaya. Zoben da ke riƙe soket a baki yana sakewa da daɗewa, nawa na canja sau ɗaya, abu ne ƙarami amma idan ya saki soket yana iya tashi. Da damina ba ya kwana a waje, ba a kuma ajiye shi a ƙasa cikin bakin mai.

Wa zan ce ya saya? Mai gyaran ƙananan motoci da bas, mai faci da ba shi da kwamfareso, da wanda ake kira ya je daji ɗauki, duk zai biya su kuɗinsu, duk da cewa yana da tsada kuma na ji ta a jikina kafin in haɗa. Mai mota ɗaya da ke canja taya sau biyu a shekara bai buƙace shi ba, wil-sifana mai kyau ta ishe shi. Masu tirela da tifa kuma su nemi babba mai bakin inci ɗaya, don notinsu ɗaurinsa kaɗai ya wuce nuton-mita 500, wannan ba a yi shi don su ba. Idan motar siminti daga Ashaka ta tsaya a ƙofata, har yau wajen maƙwabcina mai injin iska nake tura ta, shi kuma yana turo mini ƙananan da suka fi ƙarfin yaransa.