Gidan Wasaɗiyya a jami'o'in Indonesiya: abin da ɗalibi zai tarar

Tun shekarar 2019, Ma'aikatar Harkokin Addini ta Indonesiya ta umarci jami'o'in Musulunci na gwamnati su buɗe ofishin da ake kira Rumah Moderasi Beragama, wato Gidan Wasaɗiyya, domin koya wa ɗalibai tsaka-tsaki a addini. A 2023 Shugaba Joko Widodo ya ƙarfafa shirin da doka mai lamba 58. Na halarci bitar ofishin a jami'ar da nake karatu a tsibirin Jaba, kuma ina ganin ta cancanci lokacin ɗalibi.

Ma'aunai huɗu aka gina darussan a kansu: riƙo da yarjejeniyar ƙasa, haƙuri da mai saɓanin fahimta, ƙin tashin hankali, da mutunta al'adun gari. Inda bitar ta fi armashi shi ne zaman ƙananan rukunoni. Nahdlatul Ulama da Muhammadiyah manyan ƙungiyoyin Musulunci ne a Indonesiya. A gabana ɗan Nahdlatul Ulama, wanda yake ƙunutu a sallar Asuba, da ɗan Muhammadiyah, wanda ba ya yi, suka buɗe littattafan fiƙihu, kowa ya kawo hujjar ɗan'uwansa kafin ya kawo tasa, malamin kuwa bai yanke hukunci ba sai da ya tabbatar kowannensu ya faɗi ra'ayin abokinsa daidai, ba ragi ba ƙari. Duk wanda ya san yadda gardamar ƙabalu da sadalu take raba sahu a wurinmu zai gane darajar wannan horo. Haka kuma ana tura ɗalibai hidimar al'umma a ƙauyuka, wasu ma inda Kiristoci ko mabiya Hindu suka fi yawa.

Abin da ya rage wa bitar ƙarfi a jami'armu shi ne yawan jawaban buɗe taro, da takardar tambayoyin ƙarshe wadda kowa ya san amsar da ake so, ta yadda mai tsattsauran ra'ayi zai cike ta ya karɓi takardar shaida bai sauya komai ba. Kusan komai da harshen ƙasar ake yi, baƙo sai ya nemi mai yi masa tafinta.

Damuwata ta fi karkata ga jami'o'in da ba na addini ba, inda darasin addini kwas ne ƙarami, ɗalibin injiniya ko likitanci kuma yakan ɗauki fatawa daga YouTube ba tare da malamin da zai tambaya ba. Wasu sun fara buɗe irin wannan ofishi, kuma can ya kamata a tura ƙwararrun malaman fiƙihu da farko.